Yadda Ghana ke auna halin da yaranta suke ciki

Idan ma'aikatan Hukumar Ƙididdiga ta Ghana suka yi sallama a ƙofar gida ɗauke da sikeli da allon auna tsayi, mutane da yawa kan yi zargin ko maganar haraji ce. Ba haka ba ne. Aikinsu shi ne gano yadda yaran ƙasa suke rayuwa, kuma ana duba abin da suka rubuta wajen shirya kasafin asibiti, makaranta da ruwan sha.

Ba kowane gida ake shiga ba, sai a lokacin ƙidayar jama'a, irin ta 2021 wadda ta nuna mutum miliyan 30.8. A sauran bincike, zaɓar wasu dubban gidaje ake yi kamar da ƙuri'a, su wakilci sauran. Za a auna nauyin yaro da tsayinsa, a duba katin awo da rigakafi, a tambayi uwa 'ya'ya nawa ta haifa, nawa ne suke raye. Tambayar tana da nauyi, musamman ga uwar da al'ada ta hana ta ƙirga 'ya'yanta a gaban baƙo. Amma da irin amsoshin nan aka san cewa mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta sauko daga 155 cikin kowace haihuwa 1,000 a binciken 1988 zuwa 40 a na 2022.

Binciken na 2022 ya kuma nuna kusan kashi 18 cikin 100 na ƙananan yara sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba saboda daɗewa cikin ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan rashin lafiya. A yankin Arewa, inda Yendi take, adadin ya kusa kashi 30. Ƙasa ɗaya, amma rabon yaron Accra daban, na Dagbon daban.

A da, da ma'aunin kuɗi aka fi auna talauci. Rahoton da Hukumar Tsara Ci Gaban Ƙasa da UNICEF suka fitar a 2020 ya bi wata hanya: ya duba abubuwa takwas, su ne abinci, lafiya, karatu, kariya, ruwa, bayan gida da tsafta, muhalli da samun bayanai. Duk yaron da ya rasa uku ko fiye, an sa shi cikin matalauta. Da ma'aunin kuɗi, kashi 28 ne; da wannan ma'auni kuwa, kashi 73. Ma'ana, uba na iya samun ciniki a kasuwar doya ta Salaga, amma 'ya'yansa suna shan ruwan tafki.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Binciken 2017 zuwa 2018 ya zaunar da yara masu shekara 7 zuwa 14, aka ba su gajeren labari su karanta. Kimanin ɗaya cikin biyar ne kawai suka iya karantawa da fahimta. Ya kuma samu kashi 94 na yara sun fuskanci duka ko tsawa mai tsanani a gida cikin watan da ya gabaci binciken. Sannan ya nuna a lokacin kusan yara uku cikin goma 'yan ƙasa da shekara biyar ba su da rajistar haihuwa. Mukan yanka rago ranar suna, mu manta da takarda, alhali rajistar kyauta ce kafin jariri ya cika shekara ɗaya.

Sai dai ma'aunin yana da iyaka. Yawancin waɗannan alƙaluma na yanki ne, ba na gari ba. Har zuwa 2019 Salaga da Yendi suna ƙarƙashin yanki guda, sai da aka ƙirƙiro yankin Savannah sannan lissafinsu ya rabu. Bawku kuma tana ɓacewa cikin matsakaicin Upper East: kwanakin karatun da dokar hana fita da rikicin sarauta suka cinye, da fargabar da yaro ke kwana da ita, sikeli ba ya nuna su. Haka yarinyar da ta tafi dakon kaya Kumasi ko Accra tana kwana a bakin shago, binciken da ke bin gida-gida ba lallai ya same ta ba, a can ko a garinsu.