Wasan Yara da Ruwa a Lokacin Bazara

A Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, zafi yakan tsananta a watannin Maris da Afrilu. A lokacin nan ne yara sukan bar filayen wasa na unguwa, su gangara kogin Lamurde ko Mayo Gwoi domin wanka. Wasa yana gina jikin yaro, amma kogi yana da haɗari iri biyu.

Na farko shi ne nutsewa. Ƙaramin yaro yana iya halaka cikin ruwan da bai kai gwiwarsa ba, ba tare da an ji kukansa ba. Na biyu kuwa tsargiya. Tsutsarta tana fitowa daga jikin dodon-koɗi, ta huda fatar mai wanka. Bayan 'yan watanni sai a ga jini a fitsari.

Saboda haka lalle ne babba ya raka yara filin wasa, ya taɓa ƙarfen lilo kafin su hau, domin rana takan gasa shi. In suna marmarin ruwa, a yayyafa musu na famfo a inuwa, a zubar da ragowar bokiti nan take. Wanda ya yi fitsarin jini a kai shi asibiti, akwai magani. Yaro dai ba ya tsaron yaro a bakin ruwa.