Kama da Wane Ba Ta Wane: Rama, Tabar Wiwi da Ire-irenta

A ƙasar Kurfai, daga Filinge zuwa ƙauyukan da ke bin kwarin Dallol Boso, rama tsohuwar abokiyar zama ce. Mata su kan shuka ta a gefen gona ko a bayan gida, a yi kwaɗo da ganyenta, a saɓe ɓawonta a tufka igiya. Amma ganyen rama ya yi kama da ganyen tabar wiwi, har masanan tsiro suka laƙaba mata sunan Hibiscus cannabinus, wato mai kama da wiwi. Ɗaya abinci ce, ɗaya kuwa dokar Nijar ta hana nomanta. Saboda haka ya kamata manomi, da mai gari, da ma'aikacin gona, da jandarma, kowa ya san bambancinsu, ya kuma san ire-iren ita wiwin kanta.

Yadda a ke rarrabe su

Rama dangin kuɓewa ce da yakuwa da auduga. Furenta babba ne, fatsi-fatsi, da jan ido a tsakiya, irin na kuɓewa. Ganyenta na ƙasa ba shi da rabuwa, na sama ne ke tsagewa kamar yatsu, amma yatsun a haɗe su ke a gindi kamar tafin hannu. Karanta yana da ƴan ƙayoyi ƙanana, ganyen kuma yana da tsami.

Wiwi kuwa ba ta da fure mai ɗaukar ido. Yatsun ganyenta, galibi 5 zuwa 9, kowane a ware ya ke, bakinsa kamar haƙoran zarto. Tana da wari mai ƙarfi. Akwai namiji akwai mace, kamar dabino, kuma a kan furen macen ne wani danƙo ke taruwa. A cikin danƙon nan abin da ke sa maye ya ke.

Iri uku da masana suka ambata

Asalin wiwi daga nahiyar Asiya ne, inda aka daɗe da dubban shekaru ana nomanta. A shekarar 1753 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Linne, ya ba ta sunan Cannabis sativa, yana nufin irin da Turawa ke nomawa domin igiya da tufafi. A 1785 Bafaranshe Lamarck ya ga wadda aka kawo daga Indiya mai sa maye, ya kira ta Cannabis indica. A 1924 kuma ɗan ƙasar Rasha Yanishebski ya bayyana ta uku, mai fitowa da kanta a daji, ya kira ta Cannabis ruderalis.

Wadda a ke ce wa sativa doguwa ce, ta kan kai mita 4 ko fiye, yatsun ganyenta sirara ne, tana kuma jinkirin nuna. Masu sa maye daga cikinta sun fi yawa a ƙasashe masu zafi. Wadda a ke ce wa indica a yau gajeruwa ce mai duhun reshe da faɗin ganye, mazauninta duwatsun Afganistan da Pakistan, kuma tana da yawan danƙo. Ruderalis ita ce ƙaramarsu, da wuya ta kai mita ɗaya, mayenta kaɗan ne, ta saba da ƙasashe masu gajeren lokacin ɗumi.

Duk da haka masana da yawa suna ganin ukun nan jinsi guda ne, tun da kowace tana barbarar ƴar'uwarta ta haihu. Misalinsu kamar saniyar Azawak ne da ta Bororo: ƙira da ƙaho sun bambanta, amma duka shanu ne.

Bambancin da ya fi muhimmanci

Abin da ke raba wiwi da wiwi a wurin likita da alƙali shi ne sinadarin da ke cikinta. A 1964 masu bincike biyu a Isra'ila, Gaoni da Mechoulam, suka ware sinadarin da ke juya hankali, wanda a ke taƙaita sunansa da THC. Akwai wani kuma, CBD, wanda ba ya sa maye. A 2018 Amurka ta amince da wani magani da aka yi da shi domin wasu ire-iren farfaɗiyar yara masu tsanani.

A kan wannan ma'auni ne ƙasashe ke yanke hukunci. A Tarayyar Turai, irin da THC ɗinsa bai wuce kashi 0,3 bisa ɗari ba ana lissafa shi cikin amfanin gona, ana yin igiya da takarda da mai da kayan gini da shi. Faransa ce kan gaba a nomansa a Turai. Aikinsa can kusan shi ne aikin rama a nan. Amma da ido ba a iya gane shi daga mai sa maye, sai an auna a ɗakin bincike.

Aikin zaɓen iri

Mutanen Filinge ba baƙi ba ne ga zaɓen iri. A gidan kiwon Tukunus, arewa da garin, tun 1954 a ke ware shanun Azawak masu yawan nono, ana haɗa su da bijimai zaɓaɓɓu, har aka samu garke mai suna a ƙasashen Sahel. Dabarar nan ce aka yi wa wiwi, sai dai abin da aka nema a wurinta ƙarfin maye ne.

Daga shekarun 1970, masu noman ɓoye a Kalifoniya ta Amurka, daga baya kuma a Holan, suka riƙa haɗa irin Afganistan da na Kolombiya da na Meksiko. Daga nan aka samu ƴan ruwa biyu, masu saurin nuna kamar indica, masu yawan amfani, masu ƙarfin da iyayensu ba su da shi. Yau ire-iren nan sun yi yawa ƙwarai, kowane da sunan da ɗan kasuwa ya raɗa masa.

Sakamakon a fili ya ke. A Amurka, wiwin da hukuma ta kama a 1995 tana da THC kimanin kashi 4 bisa ɗari. A 2014 ya kai kimanin kashi 12, CBD kuma ya ragu. A ƙasar Maroko, a duwatsun Rif, sababbin ire-iren sun ture tsohon irin gargajiya a gonaki da yawa tun daga shekarun 2000. Suna ba da danƙo mai yawa, amma suna shan ruwa fiye da na da, a yankin da fari ke damunsa.

Masu sayarwa su kan ce sativa tana sa kuzari, indica tana sa barci. Binciken ƙwayoyin gado da aka yi a Kanada a 2015 ya nuna sunan da ke kan kaya sau da yawa bai dace da ainihin asalinsa ba. An gauraya irin har suna ya daina zama shaida. Wanda ya saya a ƙunshin takarda a bayan tasha bai san abin da ya saya ba.

Abin da ya shafi Nijar

A Afirka ta Yamma shan wiwi ya bazu ne musamman bayan yaƙin duniya na biyu, ta hanyar sojojin da suka dawo daga Asiya da ma'aikatan jiragen ruwa. Busasshen ganyen da ke yawo a yankin ya fi fitowa daga ƙasashen kudu masu yawan ruwan sama, kamar Nijeriya da Gana. Danƙon da a ke matsewa kamar sabulu, wanda a ke kira hashish, shi kuwa daga nesa ya ke zuwa, ya ratsa ƙasar ya wuce arewa. A watan Maris 2021 hukumar OCRTIS mai yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi ta kama tan 17 nasa a Yamai. Daga Lubnan aka yi lodinsa, ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Lome, ana nufin kai shi Libiya.

Wasu ƙasashe sun sassauta dokokinsu. Lesoto ta fara ba da izinin noma domin magani a 2017, Kanada ta halatta sha ga manya a 2018, Maroko ta yarda da noma domin magani da masana'antu a 2021. A Disamba 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta cire wiwi daga jerin mafi tsanani, amma ta bar ta cikin abubuwan da a ke tsarewa. A Nijar dokar 23 ga Satumba 1999 ta hana nomanta, da ɗaukarta, da sayar da ita, da shanta. Labarin abin da aka halatta a wata ƙasa ba ya kare kowa a gaban alƙalin Filinge.

Ta fuskar lafiya, likitoci sun lissafa cewa kimanin mutum 1 cikin 10 na masu sha ya kan kai ga kasa bari, ga wanda ya fara tun yana yaro kuwa 1 cikin 6. Wani babban bincike da aka buga a 2019, wanda aka yi a biranen Turai da Barazil, ya gano cewa mai shan irin mai ƙarfi kullum ya fi wanda ba ya sha haɗarin taɓin hankali kusan sau 5.

Kowace shekara, in an gama girbi, samarin Kurfai suna tafiya cin rani Yamai da biranen gaɓar teku, inda ƙunshin nan ke da sauƙin samu. Dattijon da ya ce ya san wiwi tun zamanin ƙuruciyarsa, tsohon iri ya sani, wanda ke kasuwa yau wani abu ne dabam. Mahaifi da malamin yaƙi da jahilci su gaya wa yaro wannan kafin ya hau mota. Ma'aikaci kuma, in an kai masa ƙarar shuka a gonar wani, ya duba fure da kara da wari kafin ya rubuta takarda, domin kada mai rama ta sha wahala a kan laifin da ba nata ba.