Manyan a-kori-kura na Amurka: lita nawa suke sha in suna jan tirela?

A ƙasar Amurka akwai wasu manyan motocin a-kori-kura masu aiki da gazuwal, waɗanda manoma da makiyaya da ƴan kwangila suke dogara da su wajen jan tirela. Kamfanoni uku ne suka riƙe kasuwarsu. Ram yana sa injin Cummins, wanda ya fara shiga motocin Dodge a shekarar 1989. Ford yana sa injin Power Stroke, wanda ya fito a 1994. Shi kuwa General Motors yana sa Duramax, wanda ya ƙera tare da Isuzu na ƙasar Japan, aka fara sayar da shi a motocin shekarar 2001. Injunan nan na yanzu girmansu lita 6.6 ne ko 6.7, kuma a 2023 Ford ya ba da sanarwa cewa babbar motarsa F-450 tana iya jan nauyin da ya zarce tan 18.

To, duk da wannan ƙarfi, akwai tambaya guda wadda mai saye ba ya samun amsarta a wurin dillali, ita ce: lita nawa motar za ta sha in an ɗaura mata kaya?

Abin da hukuma ba ta aunawa

A can Amurka doka ta tilasta a manna wa kowace sabuwar ƙaramar mota takarda a gilashi, mai nuna yawan man da take sha bisa awon hukumar kare muhalli ta ƙasar. Amma a-kori-kurar da nauyinta tare da cikakken kayanta ya wuce kilo 3,856 ba ta cikin wannan doka, manyan motocin nan kuwa duk sun wuce haka. Saboda haka mutum zai biya kuɗi masu yawa ya fita da mota, ba tare da wata shaida ta hukuma game da shan manta ba.

Akwai dai wani gwaji da ƙungiyar injiniyoyin mota ta tsara, mai lamba J2807, wanda kamfanonin suke bi kafin su faɗi nauyin da mota za ta iya ja. A cikinsa sai motar ta hau gangaren Davis Dam a jihar Arizona, tafiyar kilomita 18, cikin zafin da ya kai kusan digiri 38, ga na'urar sanyaya ciki a kunne, ba tare da injin ya yi zafi fiye da kima ba. Sai dai gwajin nan ƙarfi yake aunawa, babu ruwansa da abin da ya rage a tanki.

Don haka masu motocin da kansu suke yin lissafi, kuma abin da suka saba samu bai cika saɓawa da juna ba. Mota ba kaya, a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, takan sha lita 12 zuwa 14 a kilomita 100. In aka ɗaura mata doguwar tirela mai ɗakunan kwana, irin wadda mutanen ƙasar ke yawon hutu da ita, sai shan ya koma lita 20 zuwa 26. Wato kusan ninki biyu.

Domin a gane girman bambancin, sai a auna shi da hanyar Yamai zuwa Damagaram, wadda ta kusa kilomita 900. Mai shan lita 13 zai ƙone lita 117. Mai shan lita 24 zai ƙone 216. Babban tankin da Ford ke sa wa wasu motocinsa yana cin lita 182, saboda haka na farko zai isa har da saura, na biyu kuwa tilas ya tsaya gidan mai a hanya.

Iska ta fi nauyi cin mai

Yawancin mutane suna ɗauka nauyin kaya shi ne kaɗai ke ƙone mai. Gaskiya ne nauyi yana da nasa rabo, musamman wajen tashi daga tsaye, da hawan tudu, da kuma gugar taya da ƙasa. Amma da zarar mota ta miƙe a kan hanya mai laushi, babban abokin kokawarta iska ce. Tirela mai ɗakuna tsayinta sama yakan kusa mita 4, tana tafe kamar bango, injin kuwa shi ke ture iskar da ke gabanta. Shi ya sa sau da yawa tirela mara rufi ɗauke da ƙarafa a kwance takan fi doguwar tirela sauƙin mai, ko da ta fi ta nauyi.

Ƙa'idar masana a nan a fili take: in gudu ya ninka sau biyu, tarewar iska ninkawa take sau huɗu. Direban da ya tashi daga gudun kilomita 90 a awa zuwa 110 ya ƙara wa injinsa kusan rabin aikin ture iska. A tafiyar kilomita 500 awa guda kawai zai rage, amma zai biya kuɗin awar nan a gidan mai. Hausawa sun ce tafiya sannu sannu kwana nesa.

Haka kuma iskar da ke kaɗowa daga gaba. Mai gudun 90 da ya fuskanci iska mai gudun 20, daidai yake da mai gudun 110 a ranar da gari ya yi tsit. Wannan ƙa'ida ba ta san iyakar ƙasa ba: direban da ya nufi gabas daga Maraɗi a lokacin hunturu, da lodi mai tsayi a bayansa, shi ma ita ke aiki a kansa.

Rabon na'urorin tace hayaƙi

Gazuwal ya fi fetur ƙarfi a cikin kowace lita da kamar kashi 10 zuwa 15 cikin 100, injinsa kuma ya fi iya tatsar wannan ƙarfi, shi ya sa masu jan kaya mai nauyi suka fi son sa. Amma tun daga 2007 dokar Amurka ta sa aka ɗora wa injunan matata a cikin salansa mai kama baƙin hayaƙi. In ta cika, sai injin ya ƙara tura mai don ya ƙone dattin, wannan ma yana shiga lissafi. Daga wajen 2011 kuma aka ƙara wani ruwa mai haɗin yuriya, irin wadda ake takin zamani da ita, wanda ke da nasa tanki da nasa kuɗi. Injunan nan an gina su ne don gazuwal mai ƙarancin farar wuta, irin wanda Amurka ta koma sayarwa tun 2006. Duk wanda ya kai irin wannan mota inda man ba haka yake ba, matatar kan toshe, gyaranta kuwa da tsada.

Yadda ake samun lissafi na gaskiya

Ƴar kwamfutar da ke gaban direba tana ba da adadi, amma kintace take yi, takan kuma nuna ƙasa da abin da aka sha. Hanyar da ta fi tabbas tsohuwa ce. A cika tanki, a rubuta lambar kilomita. Bayan tafiya a sake cikawa, a ninka litocin da aka zuba sau 100, a raba da nisan da aka yi. Wanda ya zuba lita 120 bayan kilomita 500, motarsa lita 24 take sha. Awo ɗaya ba ya isa, sai an maimaita sau uku ko huɗu, ana rubuta irin kayan da aka ja da gudun da aka yi da yanayin iska.

Mai jan kaya don neman abinci, wanda ya tsayar da kuɗin haya bisa shan mota ba kaya, zai iya gama aiki ya tarar mai ya cinye ribarsa. Abin da ke hannunsa shi ne ya rage gudu, ya rage tsayin lodi in da hali, ya duba iskar tayoyin mota da na tirela kafin ya tashi, ya kuma ajiye ɗan littafi kusa da sitiyari inda zai riƙa rubuta kowace lita da ya zuba.