Gizo-gizo A Cikin Kundin Ilmi

Akwai wani babban littafi wanda ake kira kundin ilmi. A cikinsa ne masana suke tara bayanin abubuwan duniya. In an zuba bayanin nan ba tsari, littafin zai zama kamar kasuwar da ba a raba mata rumfuna ba, mai neman gishiri sai ya yini yana yawo. To, bari mu ga yadda ake tsara labarin gizo-gizo a ciki.

Da fari sai a raba shi da ƙwari. Ƙuda da sauro da fara ƙafa shida gare su, jikinsu kuwa kashi uku ne. Amma gizo-gizo ƙafa takwas gare shi, jikinsa kashi biyu, ba shi kuma da fiffike. Saboda haka ake sa shi tare da danginsa, watau kunama da kaska. A tatsuniya Ƙoƙi ita ce matar Gizo, amma a kundin ilmi ba su zama gida ɗaya, gama ƙoƙi-ƙoƙi ƙafarta shida ce.

Gizo-gizo iri-iri ne. A 2022 irin da masana suka rubuta ya kai 50,000. Don kada su rikice, aka raba su gida-gida, fiye da gida 130. Waɗanda suka yi kama a halitta su ne 'yan gida ɗaya. Akwai gidan masu saƙa kewayayyar yana, su zauna suna jiran ƙuda. Akwai gidan masu tsalle, waɗanda ba su kafa tarko, sai su hango abinci da manyan idanunsu su dira masa. Wannan gida ya fi kowane yawa, ya wuce iri 6,000. Akwai kuma gidan masu farauta a ƙasa, inda uwa take jan jakar ƙwanta, in sun ƙyanƙyashe ta goya 'ya'yan a bayanta.

Kowane iri ana ba shi suna biyu da harshen Latin. Na fari na zuriyarsa ne, na biyu nasa na kansa. Wani mutumin Suwidin, Carl Clerck, ya yi wa gizo-gizon ƙasarsu irin wannan suna a littafinsa na 1757. Amfaninsa shi ne, Bahaushe da Balarabe da Bature duk za su gane irin da ake nufi.

Bayan suna, kowane labari sai ya bi hanya ɗaya: siffarsa, inda yake zaune, abincinsa, yadda yake haihuwa, sa'an nan ko dafinsa yana cutar mutum. Wannan na ƙarshe ba abin wasa ba ne. Kaɗan ne ƙwarai masu dafi mai hatsari, amma in ɗayansu ya ciji yaro, sanin irinsa yana taimakon likita. Saura kuwa abokanmu ne, suna cinye sauro da ƙwarin gona.

Tambayoyi

1. Ina bambancin gizo-gizo da ƙuda?
2. Don me ake ba kowane iri suna biyu?
3. Ku dubi gizo-gizo uku a gidanku, ku rubuta labarinsu bisa tsarin nan.