Gidan Kaka Ya Koma Masaukin Baƙi a Birnin Damagaram

Gidan ƙasa ba ya faɗuwa rana ɗaya. A unguwar Birni ta Damagaram kowa ya san yadda abin yake farawa: mai gida ya rasu, 'ya'ya su watse, wasu Yamai, wasu Kano, wasu su gina na bulo a sababbin unguwanni, a bar tsohuwa ɗaya ko ɗan haya a ɗaki guda. Damina ta zo ba a yi yaɓe ba. Indararo ya toshe da ganye da leda, ruwa ya kwanta a kan soro, ya bi ta tsaga ya sami azara. Kafin magada su gama shawarar wanda zai fitar da kuɗin gyara, kusurwa ɗaya ta zauna. A watan Satumba na 2024, bayan ruwan sama mai ƙarfi, tsohon masallacin ƙasa na wannan unguwa, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. In ginin da dukan gari ke ji da shi ya kai ga haka, ina ga gidan da masu shi suke nesa?

A ɗaya daga cikin lungunan unguwar akwai gidan da ya kusa bin wannan hanya. Magada sun zauna, wasu suka ce a sayar a raba, wasu suka ce a rushe a yi shaguna. Wata jikar mai gidan ce ta kawo shawara ta uku: a gyara shi yadda yake, da ƙasarsa da azararsa, a riƙa saukar baƙi, abin da aka samu ya riƙe ginin. Shawarar ba baƙuwa ba ce a garin nan. Damagaram mahaɗar fatake ce tun zamanin ayari, tsakanin Kano da Borno da Agadas, kuma ita ce hedikwatar Nijar ta mulkin Faransa har 1926, lokacin da aka mayar da ita Yamai. Fatoma mai saukar fatake, ya ba su ɗaki da ruwa, ya ajiye musu kaya, sananne ne a ƙasar Hausa tun kafin a san otel.

Da magadan suka amince, aikin farko shi ne ɓamɓare siminti. A wani zamani 'ya'yan gidan sun shafe bangon waje da shi, da niyyar hutar da kansu yaɓen kowace shekara. Tsohon maginin da aka ɗauko, wanda kowa a wurin aikin yake ce wa Baba, ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa. Inda ya ji sautin holoƙo sai ya sa a fasa, a tarar ƙasar da ke ciki ta yi laushi, wani wurin ta zama gari. Dalili kuwa, bangon ƙasa yana shan laima ya kuma fitar da ita in rana ta fito. Siminti ba ya barin ta fita. Ga shi siminti da ƙasa ba sa miƙewa da takurewa tare in zafi da sanyi suka sauya, sai simintin ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa mafita, ya yi ta cin bangon a ɓoye. Mutane da yawa suna ganin ƙasa ce ta gaza in irin wannan bango ya faɗi, alhali rigar da aka sa masa ce ta kashe shi.

Daga nan aka koma kan kwaɓi. Ana zuba jar ƙasa, a sa ruwa da yankakkiyar ciyawa, matasa su shiga da ƙafa suna tattakawa, a bar ta ta kwana ta ruɓa, a sake juyawa. Inda bango ya zube aka cike da tubali, irin wanda ake dunƙulawa da hannu mai faɗin gindi da tsinin kai, ana jera shi tsinin yana sama, ana cusa kwaɓaɓɓiyar ƙasa a tsakani. Mai miƙa ƙasa yana jefa curi daga ƙasa, magini yana zaune a kan bango yana cafewa. Sannan aka shafe waje da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ruwa ya riƙa zamewa. Laso, wanda magabata ke haɗawa da katsin marina da gashin dabba daga majema da dafara, ya yi wuyar samu, domin marina da yawa sun mutu, katsi kuma daga gindin karofi yake fitowa. Sana'a ɗaya in ta mutu takan ja wata.

Rufin ne ya fi cin kuɗi. Azara daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cin ta da sauƙi, amma ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ɗaki ya wuce kamar mita 2 ba tare da tallafi ba. Shi ya sa magina suka ƙirƙiri baka da ɗaurin guga, waɗanda ke ba babban ɗaki damar tsayawa ba ginshiƙi a tsakiya. Giginya tana shekaru da yawa kafin ta isa sara, kuma ta yi ƙaranci. A Nijar dazukanta mafi girma suna can yankin Gaya, nesa ƙwarai da Damagaram. Don haka aka sauke tsohon rufin a hankali, aka ware azarar da ke da sauran ƙarfi aka mayar, aka sayi wata daga kangayen da masu su suka riga suka haƙura. Wannan abu yana da ɗaci, domin sai wani gida ya mutu sannan wannan ya samu abin rayuwa. Duk da haka gara a mayar da azarar kan bango da ta ƙare a murhu.

Matsalar da ta fi ɗaure kai ita ce banɗaki. Baƙon yau yana son famfo da wurin wanka kusa da gadonsa, ruwa kuwa shi ne babban abokin gabar gidan ƙasa. Bututu guda in ya riƙa ɗiga a cikin bango, cikin wata kaɗan zai yi ɓarnar da damina ba ta yi ba. Baba ya ƙi yarda a binne ko da bututu ɗaya. An gina makewayi a gefen tsakar gida, a ware daga ɗakunan kwana, a kan harsashin dutse, abin da garin ke da shi a yalwace tunda a tsakiyar duwatsu yake zaune. Bututun duk a fili suke, inda ido zai ga ɗiga ranar da ta fara. Ruwan wanka da na alwala yana bin magudana zuwa gindin zogale da lemun tsami. A garin da ƙarancin ruwa ya daɗe yana damun mutane, inda gidaje da yawa suka dogara da 'yan ga-ruwa, ba wanda ya ɗauki wannan a matsayin ado. Ana gaya wa baƙo tun ranar da ya sauka cewa ruwa a ƙirge yake.

Wutar lantarki ba ta ɗauki dogon zance ba. An sa faifan sola da batura a kan rumfa ta daban, don kada ƙusa ko ƙafar mai gyara ta huda soro. Suna ɗaukar fitilu da fanka da firji ɗaya da cajin waya. Na'urar sanyaya ɗaki babu, kuma an yi gardama a kan haka. Amma wanda ya shiga ɗakin da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, zai ji bambanci tun daga bakin ƙofa. Bango mai kauri yana shan zafin rana a hankali, ba ya kaiwa ciki sai dare ya yi, a lokacin kuma mutum ya fitar da shimfiɗarsa tsakar gida. Da hunturu zafin da bangon ya ajiye shi ke ɗumama ɗaki da asuba. Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agusta na 2023, masu ɗakin bulo da rufin kwano sun fi kowa jin jiki.

Maƙwabta ba su yi murna da farko ba, kuma suna da hujja. Gidan Bahaushe an tsara shi ne don ya tsare iyali: baƙo ya tsaya a zaure, na kusa ya wuce shigifa, cikin gida sai muharrami. Yanzu ga shi za a buɗe cikin gida ga wanda ba a san asalinsa ba, a lungun da mata ke leƙa juna ta katanga. Sai da aka je wurin mai unguwa aka yi magana a gaban dattawa. Aka amince ba giya, ba kiɗa da dare, ba hawa soro don ɗaukar hoto tunda daga nan ana hango tsakar gidajen mutane. Zaure ya ci gaba da aikinsa, can ake tarbar baƙo a rubuta sunansa, can kuma tsofaffin lungun suke zama da la'asar kamar yadda suka saba.

Turawa masu yawon buɗe ido sun yi ƙaranci a yankin tun da tsaro ya taɓarɓare, kuma gidan bai dogara da su ba. Masu sauka su ne ma'aikatan da aka turo aiki na 'yan kwanaki, malaman da suka zo jami'a, 'yan kasuwa daga Kano da Maraɗi, da dangin amarya in gida ya cika. Abincinsu daga lungun yake fitowa, wannan ta yi fura, waccan tuwo da miyar kuka, wata ta karɓi wanki.

Abin da ya fi damuna shi ne magina. Baba ya tsufa, yaran da suka yi aiki a ƙarƙashinsa kuma sun san bulo ya fi kawo kuɗi a kai a kai. Ilimin ɗaura baka ba a littafi yake ba, a hannu yake, kuma hannu ba ya koyo sai da aiki. A ƙauyen Dandaji na jihar Tawa an ga misali: a aikin da aka kammala a 2018, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka kuma kira maginan gargajiya suka yi gyaran. Irin wannan babban aiki ba kullum yake zuwa ba. Abin da zai riƙe matashi a sana'ar shi ne ya san kowace shekara kafin ruwan fari akwai gidajen da za su kira shi yaɓe, su biya shi a kan lokaci.

Magadan sun rubuta yarjejeniya a tsakaninsu: daga abin da baƙi suka biya, za a fara cire kuɗin yaɓe da na gyaran indararo da ladan magina, sannan a raba saura. Wasu watanni sauran ba ya kai abin rabawa, kuma akwai 'yan uwan da har yanzu suke ganin da an sayar da tuni kowa ya ja jari. Gidan da ke jingine da nasu ta gabas, magadansa ba su daidaita ba, an riga an kira dillali. Bangon tsakani na tarayya ne, don haka jikar ta aika a tambayi wanda zai saya ko rushewa zai yi.