Gayyar Shara a Lau: Ina Za a Kai Bolar?

Duk ledar da aka yar a kwararon Lau, makomarta Kogin Binuwai. Garin a bakin ruwa yake, abincinsa ma daga nan yake fitowa: kifi, shinkafar fadama da sana'ar fito zuwa Karim Lamido. Saboda haka shara a nan ta wuce maganar kyan gari, maganar tukunya ce.

Masunci ya ja koma, sai ga ledar fiya wata da robar lemo cakuɗe da kifi. Mahauci ya farke tumbin akuya, ya tarar da dunƙulen leda. Kwata kuwa idan ta toshe, ruwa ya kwanta, sauro da amai da gudawa sun samu masauki. Ambaliyar 2012 da ta 2022, shekarun da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, sun nuna wa garuruwan bakin Binuwai cewa abin da aka zubar bayan gida, ruwa kan dawo da shi tsakar gida.

Tsaftace gari ba baƙon abu ba ne. Iyayenmu sun san duba-gari, mai leƙa randa ya ci tara. A 1985 gwamnatin soja ta Buhari da Idiagbon ta sa tsaftar muhalli cikin Yaƙi da Rashin Ɗa'a, aka riƙa sharar Asabar ɗin ƙarshen wata. Amma sharar tsoron bulala, da soja ya juya baya sai a jingine tsintsiya. Aikin gayya ya fi ta ƙarko, domin wanda ya yashe kwatar ƙofar gidansu da hannunsa ba zai zuba ido a sake cika ta ba.

Sai dai gayya tana da iyaka. Matasa su fito da shebur da baro, su tara dagwalo a bakin hanya, ba motar kwasa, ba juji. Ruwan farko ya mayar da shi inda aka tono shi. Alhali Tsarin Mulkin 1999 ƙananan hukumomi ya ɗora wa kwashe shara.

Don haka masu unguwanni, limamai da fastoci su sa ranar gayya kafin damina ta faɗi, 'yan gwangwan su ɗebe ƙarfe da roba. Ƙaramar Hukumar Lau kuma ta ware juji nesa da kogi, ta turo mota ranar da aka yi aikin.