A Bar Kamfani Ya Karye Ko A Cece Shi? Yadda Aka Yi Da Masu Ƙera Motoci A Amurka

A watan Nuwamban 2008, shugabannin manyan kamfanonin ƙera motoci uku na Amurka, wato General Motors, Ford da Chrysler, sun je gaban Majalisar Dokokin ƙasar a birnin Washington suna roƙon rancen dala biliyan 25. Abin da ya fara jawo musu tsiya shi ne yadda suka zo: kowanne ya hau jirgin saman kamfaninsa shi kaɗai. 'Yan majalisa suka yi musu ca, suna cewa mai neman taimako ba ya zuwa a haka. Da suka dawo a watan Disamba, a mota suka zo, amma kuɗin da suke nema ya tashi zuwa dala biliyan 34.

A wannan makon mun kawo muku labarin ne saboda tambayar da ke cikinsa tana yawan fitowa a darasin tattalin arziki da na mulki: idan babban kamfani ya durƙushe, gwamnati ta ɗebi kuɗin jama'a ta cece shi, ko kuwa ta bar shi ya karye? Kuma ina matsayin ƙungiyar ƙwadago a ciki?

Yadda aka kai ga haka

Birnin Detroit da ke Jihar Michigan shi ne cibiyar waɗannan kamfanoni. General Motors ya shafe shekaru 77 yana gaban kowa a duniya wajen sayar da motoci, sai a 2008 Toyota ta ƙasar Japan ta ƙwace kambun. Kamfanonin Detroit sun dogara ne da manyan motoci masu shan mai, domin a nan ribar take. A tsakiyar 2008 farashin galan ɗin fetur ya haura dala 4, sai masu saye suka juya wa irin waɗannan motoci baya. Ana cikin haka bankin Lehman Brothers ya rushe a watan Satumba, bankuna suka daina ba da rance. Yawancin Amurkawa kuwa da bashi suke sayen mota. Ƙasar da ta saba sayar da motoci sama da miliyan 16 a shekara, a 2009 ba ta kai miliyan 11 ba.

Mece ce karyewa a dokar Amurka?

A kasuwanninmu, idan aka ce ɗan kasuwa ya karye, an rufe shago ke nan. A dokar Amurka hanya biyu ce. Akwai Babi na 7, inda ake rufe kamfani a sayar da kadarorinsa a raba wa masu bin sa bashi. Akwai kuma Babi na 11, inda kamfani ke ci gaba da aiki a ƙarƙashin kulawar alƙali, a rage masa bashi, a sake yarjejeniyoyin da suka yi masa nauyi, har da ta ma'aikata. Manyan kamfanonin jiragen sama irin su United da Delta sun bi wannan hanya sun fito.

Masu cewa a bar su su karye, Babi na 11 suke nufi. Fitacce a cikinsu shi ne Mitt Romney, ɗan asalin Detroit wanda mahaifinsa ya taɓa shugabantar wani kamfanin motoci. Ya rubuta a jaridar New York Times cewa idan aka ba su kuɗi ba tare da gyara ba, za su ci gaba da halinsu na da. Masu wannan ra'ayi sun ƙara da cewa duk kamfanin da ya san gwamnati za ta cece shi ba zai ji tsoron yin ganganci ba. Suna kuma tambaya: don me za a ɗauki harajin mai sayar da burodi a biya kuskuren manajan da ke hawa jirgi?

Ɗaya ɓangaren ya ce Babi na 11 ma sai da kuɗi. Kamfanin da ke gaban kotu yana buƙatar wanda zai ranta masa abin biyan albashi da sayen kayan aiki, kuma a ƙarshen 2008 babu bankin da zai iya ba da biliyoyin da ake buƙata. Idan babu mai ba da rance, Babi na 11 ya koma Babi na 7 ke nan. Sannan masu ƙera tayoyi da kujeru da gilasai za su bi bayan kamfanin su faɗi. Wata cibiyar binciken harkar motoci da ke Michigan ta yi ƙiyasin cewa rushewar kamfanonin uku na iya cinye ayyuka kusan miliyan 3 a shekara guda. Shi ya sa Ford, wanda ya riga ya jinginar da kadarorinsa har da tambarinsa a 2006 ya karɓi rancen sama da dala biliyan 23, ya goyi bayan a ceci abokan gasarsa, domin wurin masu kawo kaya ɗaya suke saye. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ƙungiyar ƙwadago a tsakiya

Ƙungiyar ma'aikatan motoci ta UAW, wadda aka kafa a 1935, ta yi suna ne da yajin aikin garin Flint na 1936 zuwa 1937, inda ma'aikata suka zauna daram cikin masana'anta har kwana 44, sai da General Motors ya amince da ƙungiyar. A 1950, ƙarƙashin Walter Reuther, ta ƙulla yarjejeniyar da ta kawo fansho da kula da lafiya. Wannan ne ya sa leburan da bai je jami'a ba ya iya mallakar gida ya kuma kai 'ya'yansa makaranta.

To amma alkawarin da aka yi lokacin wadata ya zama kaya lokacin tsanani. 'Yan fanshon General Motors sun ninka ma'aikatan da ke bakin aiki. Akwai kuma wani tsari da ake biyan wanda aka dakatar kusan duk albashinsa ko da ba ya aiki. Masu suka sun riƙa cewa ma'aikacin Detroit yana cin dala 70 a awa ɗaya. A nan sai ɗalibi ya lura da kyau: albashin hannu bai wuce dala 28 ba, an kai 70 ne ta hanyar haɗa alawus da kuɗin fansho da na asibitin waɗanda suka yi ritaya a raba a kan masu aiki. Ita kuma ƙungiyar ta ce ba ma'aikata ne suka zaɓi irin motocin da za a ƙera ba. Idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Kan batun albashin ne ƙudirin rancen dala biliyan 14 ya mutu a Majalisar Dattawa a watan Disamban 2008. Sanatocin jam'iyyar Republican sun nemi a gaggauta daidaita albashin Detroit da na masana'antun Toyota da Honda da ke Amurka, ƙungiyar ta ƙi amincewa da wa'adin.

Abin da aka yi a ƙarshe

Ranar 19 ga Disamba, Shugaba George W. Bush ya amince da rancen dala biliyan 17.4. Da Barack Obama ya hau mulki sai ya haɗa hanyoyin biyu. Ya sa shugaban General Motors, Rick Wagoner, ya sauka, aka kai kamfanonin kotu, gwamnati ta zama mai ba da rancen. Chrysler ya shiga Babi na 11 ranar 30 ga Afrilun 2009, ya fito a watan Yuni a hannun Fiat ta Italiya. General Motors ya shiga ranar 1 ga Yuni, ya fito bayan kwana 40, gwamnatin Amurka na riƙe da kusan kashi 61 cikin 100 na hannun jarinsa.

Kowa ya ɗanɗana. Masu tsohon hannun jari sun yi asarar komai. An daina ƙera Pontiac da Saturn, Chrysler ya sallami dillalai 789. Manyan masu bin Chrysler bashi sun karɓi kusan santi 29 a kan kowace dala, suka yi kukan an fifita ƙungiyar ƙwadago a kansu, domin asusun lafiyar 'yan fanshonta ya samu kashi 55 cikin 100 na sabon kamfanin. Ita ma ƙungiyar ta haƙura da biyan marasa aiki, ta kuma yarda ba za ta yi yajin aiki a kamfanonin biyu ba har 2015.

Abin da ya fi shafar matasa shi ne albashi mai hawa biyu da aka fara tun 2007. A wancan lokacin, sabon ɗauka yana farawa da kusan dala 14 a awa, rabin abin da tsohon ma'aikaci na gefensa ke karɓa a kan aiki iri ɗaya. Wato an kare na ciki, nauyin ya faɗo kan masu shigowa. Wannan ƙorafi yana cikin abin da ya haifar da yajin aikin 2023, wanda ya ƙare da ƙarin albashi na kashi 25 cikin 100.

Gwamnati ta zuba kusan dala biliyan 80, ta sayar da ragowar hannun jarinta na General Motors a Disamban 2013, jimillar asararta kuma ta kai kusan dala biliyan 9. Masu goyon baya suna ganin an yi araha idan aka duba ayyukan da suka tsira. Masu adawa suna cewa an buɗe ƙofar da kowane babban kamfani zai zo ya ƙwanƙwasa. Shi kansa birnin Detroit ba a cece shi ba, ya shiga kotun karyewa a watan Yulin 2013.

Mu ma batun ba baƙo ba ne a wurinmu. Kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, bashi ya sa hukumar AMCON ta karɓe shi a 2012, masaƙun Kaduna kuwa aka rufe su ɗaya bayan ɗaya.

Muna ba ƙungiyoyin muhawara na makarantu shawarar su gwada wannan batu: “Gwamnati ba ta da hurumin ceton kamfani mai zaman kansa da kuɗin jama'a.” Kowane ɓangare ya shirya amsa tambayoyi uku: wa zai biya, wa zai yi asara, kuma wane sharaɗi za a gindaya? Ku turo mana yadda ta kaya a makarantarku, za mu buga waɗanda suka fi ƙarfin hujja.